Ƙullutun Hannun Yaya

Masu walda dai kun san halinsu, ba sa kai ɓarɓashin ƙarfe asibiti. In ya shige wa mutum yatsa ko dantse, sai a kira wanda hannunsa ba ya rawa, a kawo sabuwar reza da hantsaki da maganaɗisun tsohuwar sifika, a zauna bakin ƙofa inda haske yake, a ciro shi a nuna wa kowa. A shagon Yaya, mai wannan aiki Auta ne, ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya. Ya ciro wa mutane ƙarfe ba adadi, har na cikin gira, bai taɓa ɓata wa kowa ba.

To shi Yaya yana da wani ƙullutu a hannun dama, ƙasa da gwiwar hannu, ta gefen ƙaramin yatsa. Ya daɗe da shi. Cewa yake yi ƙarfe ne ya fallatsa masa tun sa'ad da suka yi wa matakalar wani bene ƙarfen dafawa, nama ya rufe. Auta ya sha ɗora maganaɗisu a wurin, ko motsi.

"Ina zai ja?" in ji Yaya. "Farin ƙarfen nan ne marar tsatsa, ai ba ya bin maganaɗisu. Kai ma ka sani."

Gaskiya ne kuwa ba ya bi, shi ya sa kowa ya yarda.

Ana nan abu ya yi ta girma har ya kai ƙwan tattabara. Da ya gogi bakin teburi sai Yaya ya zabura, ya ce kamar ya taɓa wayar wuta tsirara, tun daga wurin har ƙarshen yatsu. Wata safiya guduma ta suɓuce masa saboda haka, saura kaɗan ta sauka a ƙafarsa. Ya jawo benci bakin ƙofa ya nannaɗe hannun riga.

"Auta, kawo kayan aikinka. Yau zan ga wannan baƙon da ba ya biyan haya."

Auta ya goge wurin, ya tsaga fata. Yaya ko gezau, har yana ba maƙwabcinsu mai faci labari. Auta ya leƙa bai ga baƙin komai ba, sai wani abu fari-fari mai santsi. Ya ce a ransa ƙarfen yana ciki, ya ƙara danna reza kaɗan.

Ƙarar da Yaya ya yi, Auta bai taɓa jin irinta daga bakinsa ba, ko ranar da ƙofar ƙarfe ta faɗo masa. Ya fizge hannu, benci ya kife. Da ya dawo hayyacinsa sai ya tsaya yana kallon yatsunsa. Ya mintsini ƙaramin, ya mintsini na kusa da shi.

"Auta," ya ce a hankali, "waɗannan biyun ba na jin su."

Rezar tana hannun Auta, ya ma manta da ita, sai da mai faci ya zare ta.

Matar Yaya ce ta iske su a asibiti, mayafi a karkace. Ita da Auta kullum cikin tsokana suke, tana kiransa mijin wucin gadi, yana ce mata mai miyar gishiri. Ranar ta dube shi sama da ƙasa.

"Likita," ta ce. "Ashe da babban likita a gidanmu muke ta wahalar zuwa asibiti."

Auta ya so a ce da wasa ta faɗa.

Likitar da ta duba su mace ce mai sanyin murya. Ta wanke yankan ta rufe, ta ƙwanƙwasa gefen ƙullutun da ɗan yatsa, Yaya ya zabura. Ta ba shi takarda ya matse tsakanin yatsunsa, ta ja, takardar ta zare ba wuya. Ta ce tana son hoton MRI, amma na'urar ƙaton maganaɗisu ce, kuma mai walda ba ya shiga sai an tabbata ba ɓarɓashi a jikinsa, musamman a ido. Saboda haka aka fara yi masa hoton ƙashi, na idanu da na hannun.

Ta kunna hoton a gabansu. Ga ƙasusuwa biyu fes.

"Ina ƙarfen?" in ji Yaya.

"Babu."

"Farin ƙarfe ne fa, likita, marar tsatsa."

"Shi ma da yana nan da ya fito tas, ya fi ƙashin haske. Babu ƙarfe a hannunka, malam."

Yaya ya juyo ya kalli Auta, Auta ya kalli bango. Shekara da shekaru suna ɗora maganaɗisu a kan abin da ba ya nan. Tambayar da ta tsaya wa Auta a rai ita ce: to me ya yanka?

Ranar hoton MRI ɗin aka sa Yaya ya tuɓe komai, agogo, bel, makullai, ya sa wata riga mai igiya a baya. Matarsa ta ce da ta san haka yake kyau da ita da tuni ta ɗinka masa. Ba wanda ya yi dariya. Mai ɗaukar hoton ya toshe masa kunnuwa, ya ce kada ya motsa ko da ƙaiƙayi ya dame shi, aka rufe ƙofa mai kauri. Auta ya zauna a kujerar waje. Na'urar ta fara bugawa, gaf-gaf-gaf, ta canza murya, ta koma kamar ana fasa kankare. Shi da ya girma cikin ƙarar guduma, wannan ta hana shi zama. Ya tashi, ya zauna, ya ƙirga yatsun hannunsa na dama, ya lanƙwashe biyu ya gwada riƙe ƙafar kujera da sauran ukun. Riƙon ba ƙarfi. Da irin wannan ba a ɗaga guduma, ba a jan walda a miƙe. Da hannun nan Yaya ya ciyar da shi tun rasuwar mahaifinsu, da shi ya koya masa sana'a.

Da sakamako ya fito, likita ta juyo musu da allon kwamfuta. Hannun Yaya ne a tsage ta tsawo. A tsakiya ga wani abu mai haske, dogo-dogo, bakinsa fari, cikinsa ya ɗan yi duhu. Daga sama wani siririn zare ya shiga cikinsa, ta ƙasa ya fita.

"Wannan zaren jijiya ce," in ji ta. "Ba ta jini ba, wadda ke kai ji da motsi zuwa yatsun nan biyu da ƙananan naman tafin hannu. Wannan kuma ƙari ne, daga rigar jijiyar ya tsiro. Shi ya sa in an taɓa yake jan ka kamar wuta."

"Ƙari," matar Yaya ta maimaita, ta dafe ƙirji. "Irin mugun nan?"

"Ga alama ba shi ba ne. Dubi bakinsa a shate, bai kutsa cikin naman da ke kewaye ba. Amma ba zan rantse ba sai an cire an auna." Ta matsar da hoton gaba. "Irin wannan ƙarin ture zaruruwan jijiyar yake yi gefe, sai su shimfiɗu a bayansa. Duk wanda ya nufo shi daga waje, su zai fara tararwa."

Ta ɗora bakin biro a kan wani siririn layi da ya taso daga fata ya gangaro har jikin abin mai haske.

"Wannan kuma naku ne."

Auta ya ga hanyar rezarsa, miƙaƙƙiya, tsaf, irin aikin da ake yaba masa. Ya ji muryarsa daga nesa tana tambaya, "Na tsinke ta?"

"Ka taɓa gefenta. Yawancinta na nan, ga ta ta wuce ƙasa. Da ka ƙara dannawa ko da kaurin rezar nan, da wata maganar muke yi."

Yaya ya sa hannun hagu ya rufe bandejin, kamar mai ɓoye shi daga wani.

An yi aikin, likitan jijiya ya ɓare ƙarin daga cikin rigarsa ya bar zaruruwan, awo ya nuna ba mugu ba ne. Yatsan kusa da ƙarami ya farfaɗo sannu a hankali, da tsikari da ƙaiƙayi. Ƙaramin dai likita ta ce a ba shi lokaci, jijiya ba ta gaggawa, kuma ba ta yi alkawari ba.

Ranar da Yaya ya koma shago, ya tarar Auta ya kwashe reza da hantsaki daga kan taga, maganaɗisun ma an mayar da shi tsintar ƙusa. Auta yana ta kakkaɓe teburin da ba ƙura, ya ƙi haɗa ido da shi.

"Zo nan, likita," in ji Yaya.

Ya kama wuyan hannun Auta da hannun dama ya matse iya ƙarfinsa.

"Ka ji?"

"Na ji, Yaya."

Ya ji kuwa. Yatsu huɗu sun kama shi gam har da zafi. Na biyar yana kwance a kan fatarsa, da ɗumi, bai matsa ba.

"To miƙo min guduma," in ji Yaya. "Ƙaramar."