Kaskon da Ya Ƙone a Nasarawan Doya

Saminu yana da tabo a hannun hagu, faɗinsa kamar bakin ludayi, kuma ludayin ne ya yi shi. Yana ɗan shekara tara ya bar kaskon mazarƙwaila ya ƙone, ubansa Tukur ya ɗebo ruwan rake mai tafasa ya ɗora masa. Gidan nan dama ba a kwana biyu ba a ji ihu ba. Uwarsa ta gaji ta koma Ikara, ba ta sake waiwayowa ba. Ranar da ya samu tabon, cikin gonar rake ya wuni a kwance, babu wanda ya neme shi.

Yau shekara talatin ke nan. Tukur ya rasu, Saminu ya gaji murhun da sana'ar. 'Yarsa Hafiza sunan uwar tasa ta ci, don haka Inna yake ce mata.

Ran wata Talata ana shirin kasuwar Makarfi, injin matse rake ya tsaya. Ya miƙa wa yarinyar ludayi, ya ce ta riƙa juya ruwan raken, in ya fara kauri ta kira shi, ya tafi duba injin. Ita kuwa ta ga wuta ta yi sanyi, sai ta tura ɓawon rake har dami guda don ta burge shi. Kafin ya juyo, warin ƙuna ya cika wurin. Aikin yini ya zama baƙi ƙirin.

Bai san lokacin da ya fizge ludayin ba. Hannunsa na sama, hannun riga ya zame, ya ga tabon. Ya ga yarinyar ta kare fuska da gwiwar hannu, yadda shi ma ya taɓa yi, alhali ba a taɓa dukanta ba. Ta ruga cikin rake.

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ajiye ludayin, ya kashe wuta, ya bi ta. Bai sha wahalar nema ba, ya san inda yaro ke ɓuya, can inda ganye ya fi duhu. Tana dunƙule, ƙaiƙayi duk ya kama mata wuya.

Ya zauna a ƙasa, ya karya rake, ya fere da haƙori ya miƙa mata. Ba ta karɓa ba.

"Baba, na ɓata maka."

"Kin ɓata kam, Inna. Ni ma na taɓa ƙona nawa, ya fi naki baƙi."

"Me aka yi maka?"

Ya ja hannun riga ya rufe tabon.

"Ba a zo nemana ba," in ji shi. "Tashi mu je. Kaskon nan sai an kankare, kuma ba ni kaɗai zan yi ba."

Ta karɓi raken. Suka fito, yana gaba yana ture mata ganye kada ya yanke ta.