Katin Dalal

Likitan zamani ba ya bukatar ganin mara lafiya, bayanai kawai yake bukata. Wannan ita ce matsayar Hashimu, mai shagon buga takardu a unguwar Rusaifa ta ƙasa mai tsarki, kuma tunda ya yi shekara biyu a jami'a kafin jami'ar ta gaji da shi, babu mai ja da shi a gidan. Ƙanwarsa Dalal ta daɗe da koyon yin shiru.

Ɗaso 'yar ƙanwar mahaifiyarsu ce. Ta zo umara shekara tara da suka wuce, har yau ba ta gama ba. 'Ya'yanta huɗu, ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, an kama mijinta an mayar da shi Katsina, ya bar ta da ciki. Asibiti a wurinta ƙofar jirgi ce. Da ta faɗa wa Dalal ba za ta iya na biyar ba, sai maganar ta kai kunnen Hashimu.

"Abu mai sauƙi," in ji shi. "Akwai likita a ƙasar waje, ta intanet, mai aiko da ƙwayoyin zubar da ciki. Can ma alƙalansu suna ta gardama a kai, amma ni na karanta hujjojin duka ɓangarorin."

Shi ya cike fom ɗin. Da ya iso inda ake tambayar watannin cikin, sai kunya ta kama shi. Namiji mai mutunci ba ya yi wa matar wani irin wannan tambaya. Ya dubi abayarta daga nesa, ya rubuta mako shida.

"Yaya Hashimu, ka tambaye ta kuwa?" in ji Dalal.

"Ya ukti, 'yar'uwata, ido ma ilimi ne," in ji shi.

Cikin ya kusa wata huɗu. Kwana biyu da shan ƙwayoyin, bayan azahar, Ɗaso ta kasa tashi, jini ya ƙi tsayawa. Likitan intanet ya aiko da amsa cikin ladabi: a garzaya asibiti mafi kusa.

A unguwar an san yadda ake yi. Marar takarda takan ari katin shaidar 'yar'uwa, ta rufe fuska da niƙabi, ta amsa sunan da aka kira. Hashimu yana da mata mai kati, amma ya ga bai dace sunan iyalinsa ya shiga wannan harka ba. Ya miƙa wa Dalal hannu, ta ba shi nata.

Ɗaso ta rayu. Ta dawo da leda biyu na jinin wasu a jikinta, Hashimu kuma ya bayyana wa majalisarsa cewa matsalar ba ta tsarin ba ce, mata ne ba sa ba da cikakken bayani.

Shekara goma sha ɗaya Dalal da mijinta Taha suna neman haihuwa. Wata biyu bayan jinyar Ɗaso, layinsu ya zo wurin likitar da suka daɗe suna jira. Likitar ta buɗe fayil a kwamfuta, ta gyara tabarau.

"An rubuta nan cewa kin zubar da ciki da ƙwayoyi a watan Rajab. Haka ne?"

Taha ya juyo a hankali. Dalal ta lissafa: in ta ce ba ita ba ce, za a tambayi wace ce, kuma yaran Ɗaso huɗu suna unguwar Jarwal suna jiran uwarsu ta dawo daga tallan turare.

"Haka ne, likita," ta ce.

A mota Taha bai kunna rediyo ba. Ya sauke ta a ƙofar gidan mahaifiyarta, ya ce zai kira.