Waifan Gidan Sikiru

Sikiru mai sayar da caja ne da murfin waya a Bata, kuma a ganinsa duk abin da ke cin wuta ya san kansa. Wata Asabar, matarsa Rofiat ta tafi suna, sai ya ɗauko laftof ɗin gida ya goge tsohuwar manhajar da ke tafiyar da ita, ya ɗora sabuwa, wai ta fi sauri. Bai tambayi kowa ba. Hotunan leshi da atamfar da Rofiat ke tura wa masu sayen kayanta duk suka bi ruwa.

Da ta dawo gidansu na Kwaciri ta duba ba ta ga hoto ko ɗaya ba, sai ta rufe laftof ɗin a hankali.

"Ba komai, Baban Bisola," in ji ta.

Ya kamata wannan maganar ta tsorata shi, amma hankalinsa na wani wuri. Laftof ɗin ta ƙi ganin waifai kwata-kwata. Ya kashe ya kunna, ya dudduba, a ƙarshe ya gano wata 'yar manhaja ce babu, wadda ake ce wa direba.

"Ashe ita ma sai da direba?" Rofiat ta tambaya daga kicin. "To a nemo mata da kwandasta."

Ya jona wayarsa da laftof ɗin da igiyar caji, ya yi amfani da datar wayar ya sauke direban. Nan da nan sunan waifan gidan ya bayyana. Ya buga lambar sirrin da ya sani, laftof ta ce ba ita ba ce. Ya sake bugawa harafi-harafi, ta ƙi. Bai san tun yana fama da direba Rofiat ta shiga saitin 'yar na'urar waifan ta wayarta ta canza lambar ba.

"Ni ga shi tawa tana yi," ta ce, tana kallon bidiyon girki. "Ko ka matsa kusa da taga?"

Ya matsa.

"Ɗaga ta sama. Na ji an ce sabuwar manhaja iska take so."

Sikiru ya san ba haka ba ne, amma ya hau kujera ya ɗaga.

Washegari ya saɓi laftof sai Kasuwar Sabon Gari, shagon abokinsa Boniface mai gyaran kwamfuta. Boniface ya buga lambar waifan shagonsa, ta kama take.

"Oga Sikiru, lafiyarta ƙalau."

Ya koma gida, ta ƙi. Ya sake dawowa kasuwa a fusace, ya ce a ba shi ɗan abin nan da ake soka wa laftof a gefe don ta kama waifai. Boniface ya ƙi sayar masa.

"Wa ke riƙe da na'urar a gida?"

"Madam."

"Kafin ka ɗora sabuwar manhajar nan, ka kwashe mata kayanta?"

Sikiru ya girgiza kai. Boniface ya juya baya kamar mai neman sukudireba, yana danne dariya.

"Wannan gyaran ba a shagona ake yin sa ba," ya ce.

A gida Sikiru ya tarar da Rofiat a falo, ta zube kaya a kan tabarma, turmi a kan turmi, kamar dama jiransa take.

"Maman Bisola, kin canza lambar?"

"Na canza."

"Tun jiya kina kallo ina hawa kujera?"

"Ai ba ka tambaye ni ba. Na ɗauka a gidan nan an daina tambaya."

Ya zauna. Can ya ce ta yi haƙuri, ya yi kuskure. Ta ce ta haƙura, amma hotuna ba sa ɗaukar kansu, kuma leshi ba ya yin kyau a hoto sai an ɗaga shi a haske.

Haka ya tsaya a tsakar gida, hannuwa a ware, tana yafa masa yadi tana ɗauka. Ruwan goro, ruwan toka, mai duwatsu. In ya ɓata fuska sai ta ce a sake. Da suka gama ta karɓi laftof ɗin, ta juya masa baya ta buga lambar da kanta. Ta kama.

Abu na farko da ya shigo, saƙo ne daga wata Hajiya a Fagge da ta riga ta ga sababbin hotunan da Rofiat ta tura mata ta waya. Tana son leshi mai ruwan goron nan, kuma tana tambaya ko mutumin da ke riƙe da shi ne zai kawo mata, don ƙawayenta na son ganinsa ido da ido.

Rofiat ta amsa mata cewa shi ne, gobe bayan La'asar.