Tabarmar da Ba Ta da Ja

Ƙarfe ɗaya saura kwata Hafsat ta fito daga sito na uku da ta shiga a Bompai, hannunta babu komai. Jan launin da ake zubawa a roba ya ƙare a gari. Mai siton ya ce sai mako mai zuwa, in kaya sun taso daga Legas.

Hafsat ce mai tsara launi a wani kamfanin tabarmar roba da ke Challawa. Ita ke rubuta wa masu injin saƙa yadda za su jera tsinkayen roba: ja kaza, rawaya kaza, a maimaita. Da safe manaja, Alhaji Lawan, ya gaya mata magana ɗaya. In ma'aikatan rana suka iso ƙarfe biyu babu ja, zai rufe layi na uku, mutum goma sha huɗu su koma gida har kaya su zo. Ranar da ba a yi aiki ba, ba a biya.

Abin da ya rage a sitonsu toka ne, da kore, da ruwan ƙasa, sai ɗan fari. Kwana biyu tana jera su a takarda, duk abin da ta haɗa sai ya fito kamar bargon asibiti.

Ta shiga gaban motar kamfani, ta ja ƙofa.

"Malam Garba, Challawa. Kafin biyu."

Direban ya dubi agogo. "Hajiya, a-kori-kura ce fa, ba jirgin Jidda ba."

"To yau ta koyi tashi. Ku taka ta."

Cunkoson cikin gari ya cinye musu minti arba'in. A Sharada suka bi bayan wata tirela, katanga dama katanga hagu. Sai da suka hau hanyar Panshekara titi ya buɗe, Malam Garba ya sakar wa motar wuta.

Damina ce, hadari ya haɗu. Hafsat ta juya wajen taga tana shirya abin da za ta ce wa manaja. Da wannan gudun, ba a ganin kara a matsayin kara, ko gini a matsayin gini. Komai ya miƙe ya zama layi. A sama toka ce mai faɗi. Ƙarƙashinta wani siririn fari, dogon rufin kwanon wata masana'anta da rana ta samu ta haska. Sai koren masara. Sai ruwan ƙasa na gefen titi. Launuka huɗun da ke sitonsu ke nan, babu ƙari.

Ta zura kai waje ta taga. Malam Garba ya taka birki.

"Lafiya? Amai ne?"

Nan take layukan suka watse. Masara ta koma masara, da leda maƙale a jikinta, da akuya ɗaure a turke.

"Don Allah ku mayar da gudun yadda yake."

"Ɗazu sauri, yanzu kallon gona. Ke dai ba a gane miki."

"Ku ƙara wuta, Malam."

Ya ƙara. Layukan suka dawo. Ta miƙa hannu ta runtse ido ɗaya, tana awo da yatsu. Toka yatsa huɗu. Fari bai kai rabin yatsa ba. Kore uku, ruwan ƙasa ɗaya. Kuskurenta na kwana biyu shi ne tana ba kowane launi faɗi ɗaya. Ta mayar da yatsun zuwa tsinkaye, ta rubuta a bayan takardar sito, biro yana tsalle a kowane rami.

Biyu saura minti huɗu suka shiga ƙofar kamfani. Ma'aikatan layi na uku suna tsaye a inuwa, ba wanda ya sa rigar aiki. Alhaji Lawan yana bakin ofis.

"Ina jan?"

"Babu, Alhaji."

"To shi ke nan."

"Ku ba ni inji ɗaya da minti ashirin."

"Tabarma ba ja? Wa zai saya? Dillalan Sabon Gari dariya za su yi mana."

"Ku gan ta tukuna. In ba ta yi ba, ku rufe."

Bai ce e ba, bai kuma hana ba. Ta miƙa wa Abdulbaqi, babban mai inji, takardar. Ya karanta, ya ɗaga kai.

"Fari tsinke ɗaya tak? Rowa ce ko me?"

"Ɗaya. Ka sa biyu, ka ɓata ta."

An jera tsinkaye, inji ya tashi. Da tabarmar farko ta fito, Abdulbaqi ya shimfiɗa ta a kan siminti. Alhaji Lawan ya duba ta a kusa, ya ja da baya taku biyar, ya sake dubawa.

"Ba ta yi kama da tamu ba."

"Ba ta yi kama ba," in ji Hafsat.

"A saƙa ta har Asabar. In dillalai suka dawo da ita, ke za ki tsaya gaban masu kamfani, ba ni ba."

"Na yarda. A kawo in sa hannu."

Ta sa hannu a tsaye. Mutum goma sha huɗu suka wuce ɗakin canza kaya. Hafsat ta karɓi takardarta daga hannun Abdulbaqi, ta nufi inji na biyu.