Tsagar da ke Bayan Hoton Rouen

Bangon falon Aimé Rouvier ya tsage tun daga silin har kusa da ƙasa, kuma babu wanda ya fi shi sanin abin da hakan ke nufi. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana aikin gini. Tun a watan Fabrairu ya yi abin da kowane magini ke yi. Ya kwaɓa filasta, ya manna ɗan faci a kan tsagar, ya rubuta kwanan wata da tsinin ƙusa. In facin ya zauna lafiya, bango ya tsaya. In ya fashe, gida tafiya yake yi. Cikin sati uku ya fashe. Ya sake wani, shi ma haka.

Sai ga takarda daga hukuma, wai za a turo injiniya ta duba gidajen layin ranar Talata. Kowa ya san abin da ke biyo baya. A ba ku awa ɗaya ku haɗa jaka, a garƙame ƙofa, a kai ku otal can bakin babbar hanya. Matarsa Ginette kuwa shekara shida ba ta sauka daga hawa na uku ba, tun da shanyewar ɓarin jiki ta zaunar da ita a keke. Abin da ya rage mata shi ne tagar da ke kallon gidan burodi, sai Zoubida ta hawa na huɗu da ke sauko mata da miya da gulma.

Ranar Lahadi ya je kasuwar gwanjo ya sayo hotuna bakwai na tsofaffin garuruwan Faransa, irin zanen da ake bugawa a takarda a sa a firam. Akwai babban cocin Rouen, da tashar jiragen ruwan Dieppe, da wani titin Paris ana ruwa, ga kekunan doki. Mai kayan na ta zuba masa tarihin masu zanen. Shi kuwa da tef ya je, tsawo da faɗi kawai yake aunawa.

Ƙusa ba ta kamawa kusa da tsagar, don haka da waya ya rataya su, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, suna bin tsagar a karkace.

"Shekara hamsin ina roƙonka ka kai ni Paris," in ji Ginette. "Sai da bango ya tsage ka kawo mini ita gida. Tsohon marowaci."

"Riƙe mini wayar nan, tsohuwa, ki bar surutu."

Injiniyar ta iso dab da sha biyun rana, yarinya ce, a gajiye, gida na tara ke nan da ta shiga. Ta ƙwanƙwasa bangon kicin, ta haska silin, ta leƙa bayan gida. A falo ta tsaya gaban hotunan tana murmushi, ta ce kakarta 'yar Rouen ce. Ginette ta sa aka ba ta kofi. Injiniyar ta zauna tana cike takarda.

A lokacin ne yaran Zoubida suka dawo daga makaranta cin abincin rana. Aka ji su a sama, su huɗu, suna tsere daga ƙofa zuwa kicin. Hotunan suka motsa. Yashi ya zubo daga bayan cocin Rouen, siriri, ya taru a ƙasa kamar cikin cokali biyu.

Injiniyar ba ta gani ba. Ginette ta gani. Da hannunta mai lafiya ta tura keken a hankali har ta tsaya a kan yashin, ta ɗago ta dubi Aimé.

A sama ƙaramar cikin yaran tana dariya.

"Baba, sa hannu a nan mun gama," in ji injiniyar.

Ya karɓi biron, ya ajiye a kan tebur. Ya nufi bango.

"Aimé," in ji Ginette, muryarta can ƙasa. "Na roƙe ka."

Ya sauke hoton Rouen. Tsagar ta isa mutum ya zura yatsa uku, ga facinsa biyu a fashe da kwanan watansu.

Kafin ƙarfe biyar an kwashe mutanen gidan kaf. 'Yan kwana-kwana huɗu ne suka sauko da Ginette a kujera, ba ta buɗe ido ba har mota. Mai shagon aski na ƙasa ya tofa yawu kusa da takalmin Aimé. An kai Zoubida da yaranta wata unguwa mai nisa, bas biyu ake hawa, sau ɗaya ta samu zuwa duba Ginette.

Ɗakin otal ɗin tagarsa filin ajiye motoci take kallo. Ginette ta daina neman a tura ta wurin taga, daga baya ta daina cin abinci. Ba ta zage shi ba ko sau ɗaya, da ma ta zage shi ɗin. Ta rasu a sati na goma sha ɗaya.

An tokare gidan da manyan katakai. Yau shekara biyu, yana nan a tsaye.