Ciwon Ranar Litinin

Wata shida ke nan mijin tela yana kwanciya duk ranar Litinin. Amai, ciwon kai, ko hasken taga ba ya so. Ita kuwa sai ta rufe shagon ɗinkinta, ta zauna gefen gado da bokiti da jiƙaƙƙen tawul. Asabar da Lahadi dama ba ya gida, wai ofis ke tura su kwas.

Abokinsa na ƙuruciya likita ne. Shi ke rubuta masa takardar hutu, kullum da kalma ɗaya ta Turanci a tsakiya: crapulence.

"Likita, tsakaninka da Allah, ciwon nan yana kisa?" ta taɓa tambayarsa.

"Ki dai ci gaba da kula da shi, matarmu," ya ce, idonsa a ƙasa.

Ranar da aka yi wa mahaifiyarta aikin ido ma Litinin ce. Ba ta je ba.

Wata Laraba wata tsohuwar malamar Turanci ta zo gwajin riga. Tela ta ciro takardar daga aljihun keken ɗinki.

"Malama, don Allah duba mini. Tsoro ya hana ni tambayar kowa."

Malama ta gyara tabarau. Dariya ta kuɓuce mata, da ta ga fuskar tela sai ta haɗiye.

"'Yata, wannan kalma ko Turawan sun kusa mantawa da ita. Laulayi ne na wanda ya ci ko ya sha giya har ya wuce kima. Washegari jiki ya rama."

Da yamma tela ta iske mijinta a falo yana yanke farce.

"Kwas ɗin nan, tare da Likita kuke zuwa?"

Ya ɗago kai. "Wa ya karanta miki?"

Ta ajiye takardar a gabansa.

"Haba, uwargida. Don kada ranki ya ɓaci ne. Shi ya ce mu nemo kalmar da ba za ki gane ba."

Giyar ba ta ƙona mata rai kamar wannan maganar ba. Wato zama suka yi su biyu, wataƙila har da dariya, suka zaɓo kalmar da ta fi ƙarfin karatunta.

Ta haɗa kaya kala uku ta tafi gidan yayarta. Sau biyu Likita yana zuwa ba da haƙuri. Na farkon ta ce a ce ba ta nan. Na biyun ta fito, ta gaishe shi a mutunce, ta tambayi iyalinsa, ta koma ciki ta bar shi tsaye a ƙofa.