Rediyon Yaya Ya Kurmance

Sau uku ke nan rediyon oba-oba na jirgin Yaya yana mutuwa a tsakiyar teku, kuma duk aikin danshi ne. Iskar gishiri takan kutsa ciki ta lashi allon wayoyin, tagulla ta yi kore, sai shiru. A na ƙarshen nan kwana huɗu ba a ji ɗuriyar Yaya ba, Mama ta rame a tsaye. Shi ya sa Auta, ƙanwarsa mai shagon gyaran rediyo a bakin tashar masunta, ta rantse ba zai sake fita da shi haka ba.

Ta samo ruwan kariya, wani abu mai kama da jan farce marar launi, wanda ake shafa wa allo ya bushe ya hana laima shiga. Ta wanke allon, ta busar da shi, sannan ta lafta masa shafi biyu masu kauri, lungu da saƙo. Tsoro ne ya riƙe mata buroshin, shi kuwa tsoro bai san daidai ba.

Da safe ta tura Yaya ƙarshen gadar jiragen da rediyon, ita ta zauna gaban na shago.

Ƙarar ƙwar-ƙwar kawai ta ji.

Yaya ya dawo yana dariya. "Auta, kin hana shi shan ruwa, kin kuma toshe masa kunne. Ba ni abina, ƙarfe huɗu za mu tashi."

"Wallahi ba inda za ka da shi, Yaya."

Kunya ta kama ta, don ta san wannan tun tana koyo. Ɓangaren da ke kusa da eriya, mai 'yan ƙananan kwayil, wato naɗaɗɗun wayoyi, da siraran layuka, ba ya son nauyi a kansa. Shafi mai kauri ya kauce masa da saiti.

Ta ja kujera. Da tsinke da auduga da tina mai narkar da fenti ta riƙa kankare abin da ta shafa, a hankali, don in tsinken ya zame ya yanke layi ɗaya an gama. Wuyanta ya ƙage. Masunta suka leƙo suna tsokana, wai Injiniya yau ta koma yankan farce, ba ta ko ɗaga kai ba. Ta rufe bakin eriyar da kwayil-kwayil ɗin da salatif, ta sake shafi ɗaya siriri, ta busar, ta gyara saitin da mita. Ƙarfe huɗu saura minti goma ta miƙa masa.

Mama ta zo ta zauna a benci, hannu a haɓa. Jirgin ya ƙanƙance har ya ɓace. Awa ɗaya, awa biyu.

Sai rediyon shagon ya yi tari.

"Auta, kina ji na? Mun wuce tsibiri."

Muryar tangaran, kamar yana bakin ƙofa. Mama ta fizge makirfon da hannu biyu tana ta zuba masa addu'a, hawaye na bin kumatunta. Ba ta san sai an danna maɓalli ake ji ba.

Auta ta sa yatsa ta danne mata shi.

"Sake faɗa, Mama. Yanzu yana jin ki."